Ruwan Mashigi Ya Yi Sanyi

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Mu nan sai godiya. Yau wata biyu da rasuwar Inna, amma har yanzu kwano biyu nake fitarwa kafin in tuna.

Auta, maganar ruwa ce ta sa na rubuto. Ka tuna shekarar da mashigin tekun nan ya ɗume kamar ruwan wanka, gudunsa ya juya kudu, kifi ya ƙaura, kana ta jawo raga wayam? Ka kife jirgin Baba a kan yashi, ka ce wa Inna ranar da ruwa ya yi sanyi za ka dawo. Ita kuwa ta riƙe maganar. Shekara huɗu, kullum da safe sai ta taka bakin dutse ta tsoma ƙafar dama, ta girgiza kai. Da ciwo ya kwantar da ita, a bokiti nake ɗebo mata.

Tun da ta tafi ban fasa zuwa ba. Ranar Talata na tsoma ƙafa, sanyi ya ratsa ni har gwiwa. Na jefa ganye, ya nufi arewa kamar dā. Na juya in gaya mata, sai na zauna a kan dutsen na yi kuka mai isata.

Don kada ka ce zuciyata ce, na tambayi wata malama mai auna ruwan teku. Ta ce haka halin tekun yake, shekarun ɗumi su wuce, iska ta sauya, ruwan ƙasan teku mai sanyi ya taso da kifinsa. Ba ta ɓoye mini ba, wata rana ɗumin zai komo. Har ta ce ƙafar Inna ta fi na'urarta, don ba ta cin batir.

Kawu ya ce gara na cin katakon jirgin, ba zai kai wata damina ba, ko a gyara ko a faskara. Na ce ba mai taɓa shi sai ka amsa. Ba ni ka yi wa alkawari ba, na sani. Amma ni aka bar wa bokitin.

Kawu da Gwaggo suna gaishe ka. Ka gaida matarka, ka shafa mini kan takwarar Inna. Ruwa ya yi sanyi, Auta. Ka zo.

Taka,
Yaya