Zoɓon da Zai Rama Mana

Zuwa ga 'yata Rakiya,

Bayan gaisuwa, yaya maigidan da yara? Ni lafiya lau a unguwar Madinat Nasr, nan ƙasar waje inda na zo asibiti. Aikin idon ya yi kyau, benen nan mai hawa shida ne kawai gwiwata ke zagi.

Ban manta maƙwabciyarki Ladidi ta kira zoɓonki ruwan rini a gaban baƙi ba. Ga zoɓon garin Aswan nan, wanda ya yi fice a ƙasar nan, ƙanenki Ja'afar zai kawo miki. Kada ki tafasa shi. Ki jiƙa a ruwan sanyi ya kwana, ki adana a kwalba, ki kawo shi da dambun nama ranar sunan da za a yi a gidanku. Ladidi za ki fara zuba wa.

In ta tambayi sirrin, ki ce kanwa ce. Ranar da nata ya koma baƙi, za ta san ruwan rini.

Allah ya yi miki albarka.
Innarki, Tasalla