Wasiƙuna na shekara huɗu a jakar Hajiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah a sakaya sunana, mutanenmu na nan ba su da yawa, kowa ya san kowa. Shawara nake nema, don wallahi na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ni bazawara ce, mijina ya rasu tun ina gida. Shekarata bakwai a nan Amurka, aikina kula da tsofaffi, irin wanda ake kwana a gidansu. Wato ban taɓa kama haya ba, inda nake aiki nan nake kwana. Tsohuwar da nake wurinta a Laurel ta rasu watan jiya, 'ya'yanta za su sayar da gidan, sun ba ni zuwa ƙarshen wata. Ga 'yata mai shekara sha biyar, bayan duk wahalar takardu bizarta ta fito, saura sati uku ta sauka.

Na fara neman gida mai ɗaki biyu, a tunanina tunda ina da aiki ina da ɗan abin da na tara ai magana ta ƙare. Wuri uku na cika fom, kowanne na biya kuɗin fom, kowanne suka ce kiredit ɗina, wato tarihin biyan bashina, ya lalace. Ni da ko kati ban yarda in ci bashi da shi ba. A wuri na ukun ne wata mata a ofis ta tausaya min, ta juyo min da kwamfuta ta nuna min, ashe wani tsohon bil ne na asibiti, har an miƙa shi ga masu karɓar bashi tun tuni. Ta ce to in kawo shaida daga masu gidajen da na zauna a baya. Na ce mata baiwar Allah, duk tsofaffin da na zauna a gidajensu sun mutu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗa muku yadda aka yi. Da na zo, a gidan wani likita ɗan garinmu na sauka a Sterling, muna ce masa Baba Dakta, matarsa Hajiya ita ta karɓe ni kamar ƙanwarta. Adireshin gidansu na sa a komai, kamar yadda duk baƙo yake yi, kuma ban taɓa canzawa ba. Shekara huɗu da suka wuce na zame a ƙanƙara wajen fitar da shara, motar asibiti ta ɗauke ni, na ɗauka inshora ta biya komai. Ashe wasiƙu suna ta zuwa gidan Hajiya, ita kuma tana ta tara min su a jaka, ko ɗaya ba ta buɗe ba. Gaskiya ta faɗa min ya fi sau uku a waya cewa ina da takardu, ni ce nake cewa ta ajiye, tallace-tallace ne. Hutuna kwana ɗaya ne a sati biyu, ba ni da mota, Laurel zuwa Sterling kuma tafiya ce, in ma na je sai hira ta ɗauke mu in manta.

Ranar da na gano, na je ta ɗauko min jakar, na zazzage a tsakar falo, wasu har da jan rubutu na gargaɗi a bayansu. Nan bakina ya fi ƙarfina. Na ce mata ta kashe ni, wai ita da ta shekara ashirin a Amurka ba ta san jan rubutu ba. Ta ce ita amana ta riƙe, ba a yi mata tarbiyyar buɗe wasiƙar wani ba, kuma ni ce na mai da gidanta akwatin gidan waya. Na faɗi abin da bai kamata ba, a gaban surukarta ma. Tun ranar ba ta ɗaga wayata ba.

Bil ɗin na fara biya, amma an ce kafin sunana ya wanku sai an ɗauki lokaci. Gidan na uku sun yarda su riƙe min zuwa Juma'a in na kawo wanda zai sa hannu ya tsaya min. Ɗan marigayiyar, Bature ne mai mata da 'ya'ya, da ya ji labarin ya ce zai sa min hannu saboda yadda na riƙe uwarsa, ba ya neman komai. To amma kun san mu. A ce bazawara ta tsallake Baba Dakta ta je wani namiji bare ya kama mata gida, kafin sallar Juma'a labari ya zaga, kuma ƙofar Hajiya ta rufu ke nan har abada. Ni zan iya jurewa, yarinyar nake ji, su ne kaɗai dangin da za ta tarar, can za ta yi Sallah, can za ta yi Islamiyya. In kuma na koma na durƙusa, Baba Dakta ya sha faɗa a gabana cewa ya rantse ba zai ƙara tsaya wa kowa ba tunda wani ya taɓa gudu ya bar shi da haya. Ina iya zubar da sauran mutuncina kuma Juma'a ta wuce ni.

Don Allah ku ba ni shawara. In karɓi hannun Baturen in toshe kunnena, ko in je in ba Hajiya haƙuri in jira abin da Allah zai yi? Waɗanda kuka daɗe a nan, akwai wata hanyar da ban sani ba? Jiya 'yata ta turo min saƙon murya tana ta murna, wai in auno mata tagar ɗakinta za ta kai a ɗinka labule kafin ta taso. Na saurara sau huɗu, har yanzu ban amsa mata ba.