Sunana da Aka Cire daga Katin Salih

Safiyatu Dabo Labaran,
Kalakla, Khartum.
14 ga Nuwamba, 2022.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Lafiya,
Asibitin Ƙungiyar Zumuntar Hausawa,
Omdurman.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: CIRE SUNANA DAGA KATIN MAJIYYACI SALIH DABO LABARAN

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce yayar majiyyacin da aka ambata, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana da shekara talatin da ɗaya, yana fama da farfaɗiya tun yana ɗan tara. Tun rasuwar mahaifiyarmu a jihar Jazira ni ke riƙe da shi. Ina gabatar da ƙorafina a kan ma'aikaciyar jinyarku, Sista Nahla Abdulmun'im, kamar haka:

1. Ranar Juma'a 18 ga Maris, Salih ya yi yunƙurin halaka kansa. Ni na tarar da shi, ni na kira maƙwabta. Ranar Lahadi likitanku ya ce ban da farfaɗiya akwai ciwon damuwa mai tsanani, ya ƙara masa magani a kan nasa na kullum. Ba zan ɓoye ba, na yi gardama, don ina tsoron sabon maganin zai tsananta faɗuwarsa. Sista Nahla ta rubuta a fayil cewa ba na ba da haɗin kai. Duk da haka ni na riƙa ba shi ƙwayar kowace safiya, har makonni biyar ɗin farko da ba mu ga wani sauyi ba. Wannan ba a rubuta ba.

2. Na shaida maganin ya yi aiki. Salih yana cin abinci, yana aski, ya samu aikin ɗinkin kujerun mota a unguwar Alshajara. Faɗuwar ba ta ƙaru ba. Sai dai duk Talata yakan haye kogi zuwa Omdurman zaman tattaunawa da Sista Nahla, ya dawo da fara'a. Idan na tambaye shi me suka tattauna, sai ya ce, “Yaya, ba komai.” Awa biyu a mota zuwa, awa biyu dawowa, a kan ba komai.

3. Ranar 7 ga Oktoba, a wajen sunan ɗan maƙwabcinmu, ya faɗa a gaban jama'a cewa Sista Nahla ce ta ceci ransa. Ina wurin, ina zuba wa baƙi shayi. Na san wannan ba hurumin kwamitinku ba ne. Na sa shi ne don a san shekara ashirin da biyu ina juya shi a gefensa in ya faɗi, ina wanke abin da ba a faɗa a takarda, na kuma mayar da masu neman aurena biyu da suka ce ba za su zauna da shi ba. Ita wata bakwai ta san shi.

4. Ranar Alhamis 3 ga Nuwamba, farfaɗiya ta kayar da shi a tashar Suk al-Arabi da hantsi. Mutane suka ciro katin asibitinku daga aljihunsa, suka kira lambar da ke jiki. Ta Sista Nahla ce. Ni ban ji ba sai bayan la'asar, da ta kawo shi gida da ɗinki uku a goshi. A nan na san an sauya katin tun watan Agusta, an cire sunana an sa nata. Ta ce shi ya nema, wai don kada a riƙa tayar mini da hankali, in bar teburin da nake sayar da shayi a titi. Ban taɓa yi wa kowa kukan teburi ba. Ta kuma ce ya gaya mata cewa ganin kansa da yake yi a matsayin kaya a wuyana yana cikin abin da ya kai shi ga abin da ya yi a Maris. Ranka ya daɗe, ɗaki ɗaya ke tsakanin makwancinsa da nawa, amma a bakin baƙuwa na ji wannan, a ƙofar gidana.

Saboda haka ina roƙon kwamiti mai daraja ya mayar da sunana da lambata a katin. In ba za a cire nata ba, a sa nawa a sama. A kuma goge kalmar rashin haɗin kai daga fayil.

Ina roƙo kada wannan takarda ta sa a taɓa maganinsa, ko a hana shi zaman Talata, ko a sauya wa Sista Nahla wurin aiki. Da farko sauyin na yi niyyar nema. Na fasa, domin ina tsoron abin da zai biyo baya. Kada kuma Salih ya san na rubuto.

A ƙarshe, ina neman a umarce ta ta ba ni awa ɗaya, a ranar da ta ga dama, ta nuna mini yadda take tambayarsa har ya amsa. Zan zo da kaina.

Allah ya ƙara wa shugaba lafiya da adalci.

Taku cikin ladabi,
Safiyatu Dabo Labaran
(Yayar majiyyaci)