Injin Bahago a Kwanon Wanki

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki, ya gwiwar, ya idanun? Ina gaida Yaya da ke karanta maka wannan. Ta yi haƙuri da rubutuna, ta san inda karatuna ya tsaya.

Baba, na yi ɓarna, kuma kai kaɗai zan gaya wa, don kowa na gaya wa sai ya ce in yi haƙuri. Haƙurin nan ya kai mini wuya.

Ka san tsohuwar motar mijina Bahago. Tun bara take shan baƙin mai tana fitar da hayaƙi shuɗi, ga wata ƙara a cikinta kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Mako guda kafin ciwon ajali ya kama shi ya sauke injin a tsakar gida. Ya ce ba zai kai ta gareji ba, da hannunsa zai yi, idan ta tashi ya kawo ni in gan ka, tunda shekara biyu ke nan ban sa ka a ido ba. Ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin rumfa ya jera kayan cikinta layi-layi. Ya ce ko tsintsiya kada ta bi ta wurin.

Ranar da ya rasu gida ya cika, babu wurin zama. Na tattara ƙarafan nan duka na zuba a babban kwanon wanki na tura bayan ƙofa. Da mutane suka watse na ga duk baƙin mai ne a jikinsu, sai na ji ba daɗi a ce kayan mijina na zaune da dauɗa. Na sa sabulu da ruwa na wanke su tas, na kife su kamar kwanuka. Washegari suka yi ja da tsatsa.

Yanzu mai gidan da muke haya ya ce zai gina shago a inda motar take. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Ko ta fita da ƙafarta, ko ya kira masu sayen tsohon ƙarfe su yanka ta.

Na aika aka kira Dogo, abokin aikinsa na gareji. Da ya leƙa kwanon sai ya dafe kai ya tambaye ni ko miya na yi niyyar yi da su. Na yi dariya, sannan na fashe da kuka. Ya ce tsatsar da sauƙi, tunda ba ta ci ciki ba. Matsalar wasu marafai ne guda biyar da ke riƙe karanshaf, wato sandan nan mai lanƙwasa da ke juyawa a gindin inji. A ido duk ɗaya suke, amma kowanne ya saba da gurbinsa, in aka sauya musu wuri inji ba zai juya ba. Jerin da Bahago ya yi a kan buhu shi ne alamar, ni kuma na rushe shi da hannuna.

Kai ka koya masa aikin nan tun kafin ya san zai aure ni. In akwai dabara ka faɗa wa Yaya ta rubuto. In babu ma ka faɗa mini gaskiya.

Allah ya ƙara maka lafiya.
'Yarka,
Auta

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya, kuma maganin idon da Yaya ta ce an sauya maka yana aiki. Wasiƙarka ta iso, na karanta ta har takardar ta yi laushi.

Na yi yadda ka ce. Na jiƙa su a kananzir kwana biyu, na bi su da tsumma da takardar goge ƙarfe mai laushi, na shafe su da mai. Sannan na bi gefen kowane marfi da babban yatsana, tunda ka ce duk wanda ya koyi aiki a hannunka ba ya dogara da jeri kaɗai, sai ya buga ɗigo da ƙusa. Baba, suna nan! Ɗaya, biyu, uku, huɗu, ƙanana kamar ƙwayar gero. Na biyar babu komai a jikinsa. Na zauna da shi a cinyata ina tunanin ciwon ne ya katse shi bai ƙarasa ba, sai da na sake duba wasiƙarka na ga ka riga ka ce na ƙarshe ba ya buƙatar alama. Kukan banza na yi, amma na riga na yi shi.

Dogo ya zo da murna. Yana aiki yana yi mini bayani, wai fistin huɗun nan kamar mata huɗu ne a kan turmi, biyu na ɗagawa biyu na saukewa, karanshaf kuma shi ke karɓar dukan ya mai da shi juyi. In iska da fetur suka haɗu, fulogi ya ba da wuta, shi ke nan daka ta fara. Na ce masa ashe abin da kuka shekara kuna yi mana kuri da shi ke nan.

Ya sa sabon mital, wato siraran ƙarafan da karanshaf ke kwanciya a kansu, ya ɗora marafan daga gaba zuwa baya, na ɗaya a wajen fanbel kamar yadda kowa ke yi, ya ɗaure. Ya kama karanshaf zai juya da hannu, ya ƙi. Ya sa doguwar sifana ya hau da ƙarfinsa, da ƙyar ya motsa ya sake cijewa. Ya kwance ya goge ya mayar har sau uku. A na ukun ya jefar da sifanar ya ce ko dai sandan ya lanƙwashe, ko ɗigon na wani tsohon aiki ne. Ya ce shi yana da motocin mutane a gareji suna jiransa, in yi haƙuri. Ka ji kalmar nan kuma.

Jiya masu sayen ƙarfe suka zo gani. Ɗaya ya shuri tayar, ɗaya ya buɗe ƙofa ya zauna a kujerar Bahago yana waya. Ban san lokacin da na ɗauki muciya ba. Mai gida ya ce saura kwana tara, kuma ya fara sauke bulo a ƙofar gida.

Ina jin haushin kowa, Baba. Ina jin haushin Bahago da ya kwance abu ya tafi ya bar ni da shi. Kai ma kana ciki, ka yafe mini. Ina ƙarama in na raɓi gareji sai ka kore ni, wai zan ɓata rigata. Da ka bar ni na tsaya ko rabin yini ne, da na san ruwa ba ya taɓa cikin inji. Yanzu ga rigar fes, ga mota za a yanka.

Ba don ƙarfen nake yi ba. Aikinsa na ƙarshe ne, kuma saboda ni ya fara shi.

Ka gaida Yaya da yara.
'Yarka,
Auta

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya haƙuri da ni? Na san wasiƙata ta baya ta yi zafi. Kada ka riƙe ni da ita, ban jira amsarka ba ma na sake rubutowa, don akwai labari.

Bayan tafiyar Dogo na yi kwana uku ban kalli wajen rumfar ba. A na huɗu na shiga kicin neman ƙaramar tukunya, hannuna ya tafi dama, sai na same ta a hagu. Tsaki na yi, don aikin Bahago ne. Shekara goma sha tara duk ranar da ya taya ni gyaran kanta sai ya jera mini tukwane a juye, ni in fara daga nan, shi ya fara daga can. Mun yi faɗa a kan haka ba adadi. Sifanoninsa da ke rataye a bango haka suke. Ko yara ya tara zai raba musu abu, daga na ƙarshen layi yake farawa. Ina tsaye da tukunyar a hannu abin ya faɗo mini. Mutumin da bai taɓa fara komai daga inda mutane ke farawa ba, ta yaya zai fara ƙirga marafai daga gaba?

Na je gareji da kaina, ban ma tsaya sauya zane ba. Dogo na ƙarƙashin wata mota, na ce ya fito, na gaya masa labarin tukwanen da abin da ya faɗo mini. Ya ce matar Bahago, ke fa kin zame mini ciwon kai, inji ba kanta ba ce. Na ce ya gwada sau ɗaya, in bai yi ba ni da bakina zan kira masu yankan. Abokan aikinsa suna ta yi masa dariya, wai an zo kama shi.

Ya zo yana ƙunƙuni. Ya sa mai ɗigo ɗaya a baya wajen giya, ya biyo da su zuwa gaba, na tsakiya bai bar wurinsa ba. Ya ɗiga mai, ya ɗaure. Sai ya ce in zo in juya da kaina tunda ni ce malamar. Baba, da hannu ɗaya na juya shi, sumul, kamar yana jirana.  Dogo ya goge ido da bayan hannu ya ce Allah ya jiƙan ɗan rigimar nan, ya tafi ma bai daina wahalar da shi ba.

Kada ka ɗauka wahalar ta ƙare a nan. Kwana uku ya yi yana haɗa sauran. Da aka zo tayarwa aka murɗa makulli, shiru, batir ya mutu saboda zama. Aka aro wani. Ta yi ta juyi ba ta kama ba. Dogo ya ce abu uku ake bi, wuta da mai da iska. Ya cire fulogi ya gwada, wuta na zuwa. Ya duba matatar iska, lafiya lau. Ya shinshina tanki ya ce fetur ɗin ya tsufa ya lalace, sai da aka zuƙe shi aka zuba sabo. Duk wannan mai gida na tsaye a kan bulonsa yana duba agogo. Ta yi tari sau biyu, ta girgiza, ta kama.

Babu ƙwanƙwasar nan, hayaƙin ma ya washe bayan ɗan lokaci. Maƙwabta suka fito suna taya ni murna. Ni kuwa ciki na shige na rufe ƙofa, domin duk ranar da na ji wannan ƙarar a ƙofar gida, sallamar Bahago ce ke biyo baya. Na tsaya ina jira kamar wawiya.

Mun fitar da ita saura kwana ɗaya. Dogo ya ce sabon haɗi ba ya son gudu, a hankali za a bi da ita, a riƙa duba ruwa da mai a hanya, in an dawo a juye man a sa wani. Na iya zaro sandan gwajin mai in goge in mayar in duba, ya nuna mini. Rigata ta ɓaci, kuma ban mutu ba.

Ranar Asabar za mu taso da safe, Dogo zai tuƙa. Yaya ta fitar maka da kujera ƙofar gida. Na san idanun ba za su hango mu ba, amma kunnenka ba ya kuskuren inji, ina so ka saurara ka gaya mini ko yaronka ya yi aiki mai kyau. In ka ji wani ya fito daga motar yana nishi yana miƙe ƙafa, Dogo ne. Gwiwarsa na dukan sitiyari, ya roƙe ni har sau biyu, amma na hana shi matsar da kujerar. Tana nan inda Bahago ya bar ta.

Sai mun iso, in Allah ya yarda.
'Yarka mai kewarka,
Auta