Na Janye Jaririyata Daga Nono Don Tsoron Gado

Goggo, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ni tela ce, da ɗan shagona a bakin titi, ina goyon 'ya mace da ko zama ba ta fara ba. Ciwon daji na mama ne ya ɗauke mahaifiyarmu ina ƙarama. Bara aka same shi a jikin yayata, har aka yi mata aiki. Likitarta ta ce mu ma a gwada jininmu, don akwai irin da ake gado. Na yi ta ja da baya, sai bayan na haihu na je. Aka ce ina ɗauke da wannan gadon a jinina. Likitar ta yi dogon bayani, amma wallahi kunnena ya toshe, kalmar gado kaɗai na fito da ita.

Tun ranar, in na ɗora yarinyar a ƙirji sai in ji kamar guba nake ɗura mata. Ai ni ma nonon mahaifiyarmu na sha. Na koma ba ta madarar gwangwani, ina ɓoye kwalbar cikin ƙyallaye a ƙarƙashin teburin yanka. Ba ta son ta, kullum kuka, har ta fara ramewa. Ni kuma rigata jiƙewa take yi, sai in ja mayafi in ci gaba da taka keke. Surukata ta ce wai tsoron zubewar ƙirji nake yi. Maigidana kuwa na ce masa nonon ne ya ƙafe. Ya zan yi, Goggo?

Mai Keken Ɗinki

'Yata, ajiye almakashin ki saurare ni. Tsoronki ba hauka ba ne. Wadda ta rasa uwa, ta yi jinyar yaya, dole zuciyarta ta yi rawa. Amma kin tsare ƙofar da ɓarawon ba ya bi.

Na tambayi masu ilimin abin. Wannan gado ba ta ruwan nono yake wucewa ba. Tun ranar da ciki ya shiga aka gama rabon: ko 'yarki ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba, rabi da rabi ne, kuma ta wajen uba ma yana zuwa. Kwalbarki ba ta canza komai, sai dai kumatun yarinyar. Shayarwa ma tana cikin abin da ke ɗan rage wa uwa haɗarin. Sannan ɗaukar gadon ba kamuwa ba ne. Haɗarinki ya fi na sauran mata, ban ɓoye miki ba, shi ya sa za a riƙa duba ki da wuri, a kai a kai.

Tunda rigarki na jiƙewa, nonon yana nan. Mayar da yarinyar kan nono yau, a kuma auna ta a asibiti. Koma wurin likitar tare da maigidanki, kunnuwa huɗu sun fi biyu da suka toshe. Zai iya jin haushin ɓoyon da kika yi, kuma yana da gaskiya, don 'yarsa ce ke ramewa. Ba shi haƙuri, ki faɗa masa duka. Surukarki kuwa, da ta ga jikarta ta kama nono za ta nemi wani zancen.

Allah ya ba yayarki lafiya, ya raya miki yarinyar, ke kuma ya ja kwananki har ki ɗinka wa 'ya'yanta riguna.

Goggonku