Kada Ki Rubuta Ko Amin

Adda Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya Legas? Ya ƙarin haƙurinmu? Mu nan Kagarawal sai godiya.

Wani ya ɗora bidiyon ranar da bom ya tashi a tasha, kuma ƙaninmu Sale na ciki, kwance, ko zane ba a rufa masa ba. Wata maƙwabciya ta kai wa Dada wayarta, wai ta ga yadda jama'a ke yi wa ɗanta addu'a. Tun ranar mahaifiyarmu ba ta cin abincin kirki.

Na kai ƙorafi wurin masu shafin da aka ɗora shi har na gaji. Amsarsu ɗaya ce, da Turanci: wai bai saɓa dokarsu ba. Abin takaici, dangi sai rubuta "Allah ya jiƙansa" suke yi a ƙarƙashinsa, alhali kowane rubutu ƙara yaɗa shi yake yi.

Don Allah, in ya iso gare ki, kada ki rubuta ko amin. Ki danna wurin ƙorafi, addu'a kuwa ki yi masa a kan sallaya.

Ki gaida kowa, ki sa Dada a addu'a. Da hannuna na saka Sale a kabari, Adda, amma har yau yana kwance a fili.

Ƙaninki,
Umaru