Likita ta ce uku, Iya ta ce a cikashe

Anti Lantana, don Allah ki agaza mini da shawara kafin Asabar, don ranar Iya ta sa mini, kuma Iya ba ta ɗaga rana.

Mahaifiyata ce, shekararta sittin da bakwai, tana wurina a Durumi tun rasuwar Baba. Shekara biyu tana fama da gwiwar dama, har salla ta koma yi a kan kujera, abin da ya fi ciwon ci mata rai. Watan jiya na kai ta asibiti, wata Dakta Prudence ta yi mata allura a cikin gwiwar, irin wadda suke kira sitiroyid. Anti, kwana huɗu Iya ta miƙe! Ta kai goshinta ƙasa, ta hau bene ta gaida maƙwabciya, har kasuwar Zuba ta bi ni sayen lemo tana taya kaya kamar za ta ƙwace. Gidanmu dai sai hamdala.

To ga inda gizo ke saƙar. Lokacin da likita ke bayani na fita amsa kiran ogana. Ita kuma likitar Hausarta irin ta Abuja ce, tsinta-tsinta, abin da Iya ta riƙe kawai shi ne allura uku. A wurin Iya kuwa allura uku ita ce ta maleriya: yau, gobe, jibi, wanda bai cikashe ba ciwo ya dawo masa da ƙarfinsa. Ta tasa ni gaba da mita, wai na bar ta da magani rabi don ba gwiwata ba ce. Ni ma, tsakani da Allah, haka na ɗauka. Da na tuna layin asibiti da cunkoson hanya, sai bayan sati biyu na kai ta wani kemis a unguwa, na nuna sunan maganin a takarda, aka yi mata ta biyu.

Gwiwa lafiya lau. Amma Iya tana da ciwon suga, kuma tun ranar take ɗirkar ruwa, buta ba ta hutawa. Na gwada sugan na ga lambar da ban taɓa gani ba. Kunya ta hana ni komawa wurin likita, ko yayana Muhyiddeen ban gaya wa ba, don na san bakinsa. Ita kuwa Iya ko a jikinta, ta ce Asabar za a cikashe ta uku, in na ƙi to so nake ta koma kujera. Hankalina bai kwanta ba, Anti. Yaya zan yi?

'Yar Iya, Durumi

'Yar Iya, na taya ki murna, ganin uwa ta miƙe ba ƙaramin abu ba ne. Amma Asabar ɗin nan babu allura.

Na tuntuɓi likitan ƙashi. Ukun da aka ce wa Iya iyaka ce, ba adadin da ake cikashewa ba. Galibi ba a so a wuce uku ko huɗu a shekara a gaɓa ɗaya, da tazarar kamar wata uku a tsakani. Allurar kumburi take kwantarwa, ba ta mayar da gwiwa sabuwa, kuma in aka jera ta tana iya cinye guringuntsin da ya rage, ta raunana jijiyoyin wurin. Tana tayar da suga, kin gani da idonki. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne soka allura cikin gaɓa a kemis, don ƙwayar cuta na iya bin ta ta shiga. In gwiwar ta kumbura, ta ɗau zafi, ko zazzaɓi ya zo, asibiti a ranar, ba jira.

Sugan nan ma ba na jira ba ne. Gobe ki koma wurin Dakta Prudence da lambobin da kika gani, ki faɗi abin da ya faru ba ɓoye-ɓoye. Faɗan likita na minti biyar ne. Ki kashe waya ki zauna, ke ce tafinta. Muhyiddeen ma ki gaya masa, uwarsa ce.

Kada ki raina hujjar Iya. Cikashe magani ɗabi'a ce mai kyau, wannan ne kawai ba irinsa ba ne, kuma tsoron kujera take, ba rigima ba. Ki nemi malamin da take jin maganarsa ya tunatar da ita sauƙin da addini ya yi wa mara lafiya. Ki ce mata ta ukun an adana mata ne don ranar da gwiwar ta sake tashi, in likita ta ga ya dace, tsohuwa ta fi kowa sanin amfanin ajiya.

Za ta yi fushi, na sani. Ki shanye fushin kwana biyu ki tsira da ƙafar mahaifiyarki. Allah ya ƙara wa Iya lafiya, ke kuma ya yi miki albarka.

Anti Lantana